Jan Biro

Gidanmu yana can ƙolin tudu a Valparaíso,
matakala ɗari da goma sha huɗu daga bakin titi,
gwiwoyina ne suka ƙirga.
Babana, Don Eleuterio,
shekara talatin da ɗaya yana riƙe da alli,
yau cokali ma sai an tuna masa amfaninsa.

Wideline ce ke zama da shi idan na tafi aiki.
Daga Haiti ta zo, harshenmu bai gama zama a bakinta ba.
Ranar wata Talata ta manna takarda a ƙofa:
No abre la puerta.
Nufinta kada ya buɗe,
kada ya sake gangarawa tashar jiragen ruwa
neman ƙaninsa da teku ta haɗiye tun ban zo duniya ba.

Na dawo da yamma liƙis, burodi a hammata,
na tarar an yi wa takardar aiki da jan biro.
An soke e, an ɗora as a samanta.
No abras.
Rubutun nan nasa mai karkata gaba
kamar mai hawan tudu da buhu a baya.
Rabona da ganinsa shekara huɗu.

Ya ce, ke yarinya, zauna.
Na zauna, da furfurata.
Ya ce, in za ki ce wa mutum yi, hanya a miƙe take:
habla, come, abre.
In za ki ce kada, sai wasali ya yi ƙaura.
Mai a ya ari e, no hables.
Mai e da mai i su ari a, no comas, no abras.
Wannan s ta ƙarshe kuwa, shi ne wanda kike wa magana,
kada ki bar shi a waje cikin sanyi.

Na ce, me ya kawo ƙaurar, Baba?
Ya dubi taga, inda jirage ke kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya.
Ya ce, wa ya isa ya tare abin da bai zo ba?
Mai hani roƙo yake yi, ya dai ɗaure fuska ne.
Shi ya sa yake aron rigar fata da fargaba.
Daga nan ya tambaye ni ko an tashi tara.

Tun ranar na zama daƙiƙiyar ajinsa.
A baranda na rubuta no fuma,
a jikin tsani no sube,
a kan murhu, a kan kwalbar magani,
ko'ina ina shuka kuskure kamar mai watsa wa tsuntsu tsaba.
Shi kuma yana bi da jan birona da ya ƙwace,
no fumes, no subas,
yana tsaki, yana cewa yaran yanzu.
Wideline ta riga ta ƙware,
har ta fara gyara wa mai kawo gas magana.
Na roƙe ta ta ci gaba da ɓatawa.
Ta yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar hawayen.

Daren jiya iska ta hana ni barci.
Na yagi takarda na rubuta no me olvida,
na danne ta da kofin shayinsa.

Da safe na same ta a kan tebur.
No me olvides.
Kada ka manta da ni, daidai, babu ko ɗigo da ya rage.
A gefe ya ba ni shida cikin bakwai,
a ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe:
A riƙa sa suna a sama.
Ban san takardar wa ce ba.